Kukan Motar Mai Lofe

Shekara biyu bayan Nasara sun kwashe gwamnansu daga Damagaram sun koma Yamai, garin ya zauna da duwatsunsa da tarkacen da suka kasa ɗauka. Cikin tarkacen har da wata tsohuwar motar soja, wadda ta sha rairayin Gure da na Tanut har ta gode Allah, kafin wani Bature mai sayen gyaɗa da fatu ya karɓe ta. Mai Lofe ake ce masa, don ba a taɓa ganin bakinsa babu lofe ba. Shi ke da motar a takarda, amma wanda ya riƙe ta da rai direbanta ne, Suma'ila.

Suma'ila ɗan dukawan Birni ne da ya ajiye basilla ya bi ƙarfe. Shekara bakwai ya yi yana ɗebo wa makanikan bariki ruwa, yana shan zagi da Faransanci, kafin a ba shi takardar tuƙi mai hatimi. Da hannunsa ya ɗinka mata kube na jar fata, ya rataye a wuya. Ita ce cinsa, ita ce mutuncinsa, ita ta sa in ya ratsa kasuwar Zango manyan 'yan kasuwa ke fara gaishe shi.

Damina na ɗaukewa motar ta fara gurnani a giya ta biyu. Suma'ila ya san wannan kukan, na tsufa ne da ƙishirwar mai. Ya je ya gaya wa Mai Lofe man giya ya kusa ƙarewa, a aiko da wani daga Kano. Mutumin ya busa masa hayaƙi ya ce gobe. Goben nan ta yi wata uku ba ta zo ba, sai ma buhunan gyaɗa da ya ƙara wa motar, kai ka ce jaki ya samu. Duk ranar Alhamis Suma'ila zai ɗaga katakon ƙasa, ya kwance murfin akwatin giya, ya ɗiga ɗan ragowar man kamar mai sa wa jinjiri magani a ido, yana yi yana tsaki.

Ranar da shi da Mai Lofe suka taso daga Mirriya da kaya niƙi-niƙi, kukan ya sake. Gurnanin ya tafi, wata ƙara ta zo irin ta dutsen niƙa in an sa masa tsakin gero. Ya kai hannu zai sa giya ta uku, sandar ta ƙi. Ya lallaɓa ta shiga, ba a yi taku ɗari ba ta tofo ta. A hawan da ke gab da gari ta sake tofowa, motar ta yi baya-baya sai da ya dafe birki da dukan ƙarfinsa, lofen Bature ya faɗi ya rabe biyu.

Da kyar suka shigo gidan ajiya. Mai Lofe ya sauko fuska ja wur.

“Ko wani ya taɓa motar nan, ko kuwa hannunka ne,” in ji shi. “Na ba ka zuwa la'asar. In wani ne, ka kawo mini sunansa, ya kwana a kaso. In babu suna, takardar nan ta wuyanka zan kai wa kumandan mai mulkin gari ya yage.”

Hannunsa wai! Mutumin da ko kunna motar bai iya ba, shi ke maganar hannu. Suma'ila ya tuɓe riga.

Ya tada inji, ya ɗora bakin wani dogon ƙarfe a jikinsa, ya manna ɗaya bakin a kunne. Inji lafiya lau, yana bugawa daidai irin na tsohon da bai rasa ƙarfi ba. Ya matsar da ƙarfen baya kaɗan-kaɗan har ya kai kan akwatin giya, sai ƙarar ta soke shi har cikin haƙora. Ya kashe, ya shige ƙarƙashi da ƙwarya, ya kwance murfin ƙasan akwatin. Abin da ya zubo ba mai ba ne, wani kunu ne toka-toka mai walƙiyar garin ƙarfe. Ya murza tsakanin yatsu, ya ji tsakuwa. Ya shinshina, ya ji man shanu. Ya ɗan taɓa a harshe, sai ya yi zaune dirshan cikin ƙasa. Kanwa ce. Babu ɗan Damagaram da zai ɓata ɗanɗanon kanwa.

Zuciyarsa ta tafasa. Ya fara lissafa masu hassadarsa, daga kukun Bature har masu raƙuman haya na Zango, yana rantsuwa duk wanda ya yi masa wannan sai ya kai shi gaban kumandan da hannunsa.

“Ka gani ko, ɗana? Ta fara fitar da ciwon.”

Baba Modu ne, mai gadin ƙofa, ya dogaro sanda ya tsuguna yana leƙa ƙwaryar, fuskarsa cike da murna. Tsohon Babarbare ne da ya yi shekara arba'in yana jan ayari, har shekarar da sojan Nasara suka kwashe raƙumansa ba su maido ko akala ba. Tun daga nan yake zaune bakin ƙofar nan, babu ɗa babu jika.

Suma'ila ya ce, “Baba, me ka ba ta?”

“Kanwa ungurnu ce, mai kyau, ba irin ta miya ba. Da kaina na daka, na dama da man shanu. Wata uku ina jin baiwar Allan nan tana nishi in ta shigo da kaya, ba ni iya ci. Na ga inda kake ba ta abinci ran Alhamis, to in ka tafi gida cin tuwon rana sai in ɗura mata. Sau uku ke nan. Raƙumin da ya rame haka ake yi masa, a na huɗu sai ka ga ya miƙe.”

Suma'ila ya ture ƙwaryar gefe. Da wani ne da ya shaƙe shi. Haƙoran giya sun cinye, babu maƙerin da zai ƙera su a faɗin ƙasar nan. Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, a duk gidan, ban da shi, wannan tsohon kaɗai ya ji kukan motar ya damu. Shi kuwa mai ita, da kunnuwansa biyu da ƙarfin aikawa Kano, ya zauna a cikinta wata uku yana zuƙar taba. Kuma Suma'ila ya san abin da ake nufi da kaso: kwana goma sha biyar a ɗaki, daga nan ɗaukar dutse a aikin hanya. Majiya ƙarfi ma suna dawowa a karye, balle mai tafiya da sanda.

Ya ce, “Baba, koma bakin ƙofa. Kada ka gaya wa kowa maganar nan, ko da wasa.”

Ya kai ƙwaryar bayan katanga ya tona rami ya binne, ya wanke akwatin da kananzir, ya yi salla, ya sa rigarsa.

La'asar na yi Mai Lofe ya fito da sabon lofe a baki.

“Suna.”

Suma'ila ya amsa da Faransanci, yana ce masa Mushe, wato maigida: “Babu suna, Mushe. Mota ta tsufa, ka hana ta mai, ka yi mata lodin mota biyu. Sau shida na gaya maka.”

Gaskiya ce, ko da ba duka ba, kuma ita ta fi ɓata wa Baturen rai. Ya miƙo hannu. Suma'ila ya buɗe kuben, ya zaro takardar da ya sha zagin shekara bakwai a kanta, ya ajiye a tafin hannun mutumin da bai san inda ake zuba mai ba. Mai Lofe ya ninke ta ya jefa aljihu ko kallonta bai yi ba, ya ce ya fita masa daga gida.

A bakin ƙofa Baba Modu na zaune kan buzunsa. Ba ya jin Faransanci, ya ɗauka maganar aikin gobe suka yi. Ya ɗaga gefen buzun, ya nuna wa Suma'ila wani ƙullin tsumma.

“Akwai saura, ɗana. In ƙara mata gobe?”

Suma'ila ya tsuguna ya karɓi ƙullin, ya sa a aljihu.

“A'a, Baba. Ta ƙoshi.”