Gidan da Ya Ƙi Kamawa

"Aje shi, Bashar! Na ce ka aje!"

Hanatu ta tare ƙofar zaure da jikinta. Bashar ya tsaya rungume da faffaɗan allon katako da ya nufi bola da shi. Jiya aka binne mahaifinsa, Malam Mas'udu, maƙwabcinta, yau har ya fara sharar ɗaki.

"Inna, 'yan gaisuwa ba su da wurin zama. Tarkace ne."

"Tarkace? Garinmu na kaka kira tarkace?"

Garinsu ne kuwa. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu na bayan Bungudu suka dawo Gusau, Malam Mas'udu bai da aiki sai gina ƙauyen a kan allon nan da kwali da yumɓu. Ga masallaci, ga rijiya, ga rumbuna. Kowane gida ya sa masa ɗan mitsitsin ƙwan fitila, ya ja siraran wayoyi ta ƙarƙashi zuwa batirin rediyo. 'Yan unguwa suka ce tsufa ya taɓa shi. Masu faɗin haka ba a taɓa raba su da gidajensu ba, shi ya sa bakinsu ke da sauƙi.

Ita ma Hanatu ba ta raga masa ba. Ran da ya leƙo yana tambayar ta ina rumbunta yake kallo, wanke shi ta yi tas, ta ce ya bar tone mata ciwo, kwali ba ya maido da gida. Bai sake tambaya ba. Ko a makon da ya kwanta, tana jiyo shi ta katanga yana tari yana tsaki a kan wayoyinsa.

Ta ƙwace allon, ta dire a duhun zaure, ta danna makunni. Gidaje suka haska ɗaya bayan ɗaya. Na Haruna, na Sa'adiya, na liman. Can gefen rijiya, gida ɗaya ya zauna baƙi ƙirin. Nata ne.

Ranta ya ɓaci.

"Ka gani? Kowa ya ba wuta sai ni. Ashe riƙe ni ya yi har kabari! Don magana guda?"

Bashar ya durƙusa, ya ɗaga rufin kwalin, ya daɗe yana kallo.

"Inna, akwai ƙwai ciki. Duba nan, Baba ya kwance ya sake ɗauri har wayar ta gaji." Muryarsa ta sauya. "Ƙwan ga ƙafa biyu gare shi, doguwa da gajeruwa. Doguwar ita ka bin jar waya, in an juya ba ya kamawa. Shi ya koya min ina ƙarami. Idonshi na ba ya gani."

Hanatu ta tuna tsakin nan na bayan katanga.

Bashar ya warware ƙwan, ya juya shi, ya murɗe wayoyin da farce. Gidan ya kama. Hanatu ta sunkuya. Rumbun yana kallon gabas, daidai yadda mijinta ya gina shi.

A waje wani ya yi sallama. Ba wanda ya tashi.