Kakar Mai Jifa

Ukasha ya zo Alƙahira ne daga Haɗeja don karatun fiƙihu, amma abin da ya yi suna da shi a cikin ɗalibai 'yan'uwansa shi ne wasan besbol. A wani kamfani da ke Wustul Balad ya kwaso ciwon, inda yake aikin amsa wayar Amurkawa in an tashi daga darasi. Abokin aikinsa Muhannad, wani Bahaushen Sudan marar yawan magana, shi ya fara nuna masa a waya: wannan ya jefo ƙwallo, wancan ya kai mata duka da gora. Ranar Ukasha dariya ya yi, ya ce ai langa ma ta fi wannan armashi. Kafin shekara ta zagayo ya fi Muhannad haukan abin.

Kuma ba manyan 'yan wasa ne suka tafi da hankalinsa ba. Samarin nan ne da ƙungiyar da yake goyon baya take reno a ƙananan garuruwan Amurka, ana ɗaga su mataki-mataki, wanda aka ga zai yi albarka a kai shi babbar ƙungiya, wanda ya gaza a sallame shi. Magoya baya kan yini suna gardama a kansu kamar dillalai a kara. Ukasha ya buɗe zaure a WhatsApp. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zauna a shagon gahawa na bakin layinsu a Faisal, ya sa a kawo masa shayi da na'ana'a, ya ɗauki muryarsa yana bayanin samarin ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Yana da baki, Ukasha. Har waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba suna shiga zauren don su sha dariya.

A cikin samarin akwai wani mai jifa, Tarig, wanda aka yi wa aiki a gwiwar hannu, tun da ya dawo kuma abin ya ƙi. Wata Juma'a, bayan an yi masa kaca-kaca a wasa, Ukasha ya gyara zama ya ce:

“Jama'a, wannan Tarig ku cire shi daga rai. Hannun nan ya mutu murus. Ƙwallonsa tafiya take kamar mikrobas a cunkoson Faisal, ka sauka ka ci ta'amiya ka dawo ba ta iso ba. In ni ne su, gobe zan miƙa masa jakarsa. Ya je ya kafa tebur ya sayar da shayi, nan ma Allah ya sa ya iya miƙa kofi.”

Zaure ya ɗauka. Gidaɗo, abokin ɗakinsa, ya yi dariya har da ƙwalla. Shi kansa Ukasha ya sake sauraron abin a hanyar gida, yana jin daɗin yadda maganar ta zauna.

Bayan 'yan kwanaki Muhannad ya same shi a wurin aiki, ya ce, “Habbobata tana son ganinka. Kakata ke nan. Ka zo mu ci abincin rana ranar Asabar.”

Ukasha ya ɗauka addu'a tsohuwar take so, tunda an san shi ɗalibin ilimi ne. Ya sa farar jallabiya, ya sayi mangwaro, suka ɗauki hanyar Arba wa Nus. Gidan yana hawa na uku a wani lungu. Tun daga matakala ake jin ƙamshin miyar mulah da turaren wuta. Ya yi sallama daga bakin ƙofa.

“Shi ne,” in ji wata murya daga ciki. “Wallahi muryar ce. Shigo, ɗana, shigo.”

Hajiya Hawwa tana zaune a bakin gado, siririyar tsohuwa, idanunta sun fara hazo. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ƙi saki. A bangon da ke bayanta akwai hoton wani saurayi da hular wasa, ya ɗaga ƙafa zai yi jifa. Ukasha ya san hular. Ya san fuskar, Tarig ne. Ledar mangwaron ta yi masa nauyi a hannu.

“Jikana ne,” ta ce. “A ɗakin nan ya koyi tafiya. Da takardun iyayensa suka fito suka tafi da shi Amurka, nawa ba su fito ba. In ya kira ni ba ya cewa komai sai tamam, Habboba, komai lafiya lau. Wannan kuma,” ta nuna Muhannad da haɓa, “magana sai an ciro ta da ƙugiya. Kai kaɗai kake ba ni labarinsa da harshen da uwata ta yi mini magana da shi. Duk Juma'a yana turo mini kai.”

Ukasha ya zauna a kan tabarma ba tare da ya san ya zauna ba. Muhannad ya shimfiɗa leda, ya jera kisra, wainar Sudan, da mulah, bai ɗago kai ba.

“To yanzu gaya mini tsakani da Allah,” in ji Hajiya Hawwa. “Da gaske hannun ya mutu?”

“Hajiya, ni… wasa nake yi.”

“Na san da wasa a ciki, na ji yadda kake jan maganar. Gaskiyar da ke ƙarƙashin wasan nake tambaya.”

Babu mafita. Ya yi mata bayani yana kallon tabarma: yadda jijiyar gwiwar hannu take tsinkewa, yadda wasu kan dawo da ƙarfinsu wasu ba sa dawowa, yadda ƙungiya ba ta da haƙurin jira don akwai wasu samarin a baya suna neman wurin. Ta saurara tana gyaɗa kai.

“Alhamdu lillahi,” ta ce. “Maganar shayi kuma, ɗana, ni na sayar da shi. A Omdurman na sayar, a nan ma na sayar kafin ƙafa ta hana ni. Da shi na ciyar da ubansa. In shayin zai koma sayarwa, ni zan koya masa. Sa hannu, abincin zai huce.”

Ba ta faɗa da zafi ba, kuma wannan ne ya fi kashe shi. Da ta zage shi da ya san inda zai sa kansa. Ya sa hannu a abincin, kansa a ƙasa.

A matakala ya riƙo rigar Muhannad. “Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ɗan'uwanku ba ne?”

“Da na faɗa da ka riƙa sassautawa, ita kuma gaskiya take so. Ma'alish, ka yi haƙuri. Na ranar ne na tura ban saurara ba.”

Juma'a ta zo Ukasha bai je gahawa ba. Ta gaba ma haka. Sai ga saƙo ta bakin Muhannad: Habboba ta ce ko malamin ba shi da lafiya ne? Dole ya koma. Amma yanzu in ya buɗe baki zai yi wa wani saurayi ba'a sai harshensa ya yi nauyi. Gidaɗo ya ce gishirin zaure ya ragu. Wasu suka fice.

Da kakar wasa ta ƙare, ƙungiya ta sallami Tarig. Ukasha ya ga bai dace tsohuwa ta ji wannan a waya ba, ya hau mota da kansa. Ashe ta riga shi sani.

“Ya kira ni da kansa,” ta ce. “Ya yi kuka, na bar shi ya yi. Rabon da ya yi mini magana mai tsawo haka tun yana ƙarami.” Ta zuba masa gahawa daga butar jabana. “Amma kada ka ce za ka daina turowa. Yaron nan na Venezuela, mai gudu, wanda ya gurɗe a ƙafa, ya tashi kuwa? Tun da ka ambace shi nake sa shi a addu'a. Shi ma ai yana da wata a can tana jira.”

Ukasha ya tuna abin da ya taɓa faɗa a kan wannan ma, cewa jakin mai tallan gas ya fi shi sanin inda ya dosa.

“Ya tashi, Hajiya,” ya ce a hankali. “Ya fara atisaye.”

“Madalla. Sha, kafin ta huce.”