Igiya a Ƙafar Nuraan

A gidanmu akwai doka guda da ake koya wa yaro tun kafin ya iya Fatiha: kada ka sa ƙafa cikin naɗin igiya. Mu masuntan Kalk Bay ne kaka da kakanni. Yayana, Boeta Armien, har yau ɗingishi yake yi, domin wata safiya an jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, igiyarta ta cafke masa idon sawu, ta fizge shi daga jirgi ta yi ƙasan teku da shi. Ina cikin jirgin, ina saurayi. Da mahaifinmu bai yi saurin zaro wuƙa ba, da labarin ya zama wani.

Ni na daɗe da barin shiga teku. Motar kai kifi nake tuƙawa. Kuma kamar yawancin masuntanmu, ban iya ninkaya ba.

Sai ga autata Nuraan, 'yar shekara sha huɗu, ta kamu da son hawan raƙuman ruwa. Makarantarsu ce ke kai su bakin tekun Muizenberg suna koyo a kan allunan aro. Uwarta Shamiela ta yarda, ni kuwa ban hana ba, ban kuma taɓa zuwa kallo ba, don na san zuciyata. Wata rana da bakina na ce in ta ci jarrabawa zan saya mata allon kanta. Na faɗa ne ina ganin lissafi zai kayar da ita. Yarinyar nan ta ci lissafi.

"Alkawari kaya ne, Riedewaan," in ji Shamiela. "Ɗauki abinka."

Ranar Asabar Nuraan ta ja ni zuwa wata rumfa a bayan layin dogo. Mai wurin wata mata ce gajera kakkaura, kanta a aske, hannunta duk farar ƙura. Lineo sunanta, mutuniyar Lesotho. Tana gyaran alluna, tana sayar da na hannu.

"Anti Lineo, ga Babana!"

"A'a, Ntate da kansa! Ashe kana nan da ranka. Mun ɗauka labarinka kawai ake bayarwa."

Ntate suke ce wa magidanci a ƙasarsu. Na amsa gaisuwa, idona na kan allunan. Ban taɓa sanin suna da yawan iri haka ba: dogaye, gajeru, masu tsinin baki, masu faɗin ƙirji, wani wutsiyarsa a rabe kamar ta kifi. Na ƙwanƙwasa ɗaya, na ji ba nauyi.

"Me ke cikinsa?"

"Soso ne mai tauri, aka lulluɓe shi."

"Waɗannan fikafikan na ƙasa fa?"

"Su ke hana shi zamewa gefe. Kai da ka san jirgi?"

Na gane nan take, har abin ya ba ni sha'awa. Na zaga na zaɓo mafi ƙanƙanta a rumfar, siriri, bai fi tsawon Nuraan ba. "Wannan ya yi. Ƙaramar yarinya, ƙaramin allo. Ko ya buge ta ba zai ji mata ciwo ba."

Su biyun suka dubi juna suka fashe da dariya.

"Baba, wannan ai na gwanaye ne! Ko zama ba zan iya yi a kansa ba."

Lineo ta ce, "Ntate, in za ka koya wa yaro shiga teku, a ƙaramin kwalekwale za ka sa shi ko a babban jirgi?"

Ta jawo wani dogo mai kauri, shuɗi, wanda ya ɗara ni tsawo. An yi masa faci a hanci. Ta sa Nuraan ta rungume shi a hammata, yatsunta suka kama gefensa daidai. Ta kwantar da shi a kan tsumma, yarinyar ta kwanta a kai, ta zabura ta miƙe tsaye cikin ƙiftawar ido. Ban san 'yata ta iya wannan ba. Na shafa saman allon na ji gudaji-gudaji masu danƙo.

"Datti ne wannan?"

"Kaki ne. Da gangan ake goga shi don kada ƙafa ta zame. Shinshina."

Ƙamshin kwakwa yake yi.

A can saman bango na hango wani allo daban, gajere, siriri, bakinsa biyu duk sun ɗaga, da wasu maɗaurai guda biyu a tsakiya kamar takalman da aka kafe da ƙusa. Na tambaya wane irin ruwa ake hawa da shi.

Fuskar Lineo ta canja. Ta sauko da shi kamar mai ɗauko jariri. "Wannan mijina ne na fari," ta ce. "Na dusar ƙanƙara ne. In sanyi ya shigo nakan rufe rumfar nan in koma duwatsun gida, ina koya wa masu kuɗin Johannesburg yadda ake faɗuwa."

"Wato daga saman dutse kike gangarowa a kan wannan?"

"Daga can ƙololuwa. Ntate, da sassafe, kafin kowa ya taka, dutsen fari fat, ba ka jin komai sai shuuu a ƙarƙashin ƙafarka. Iska na yanka maka kunne, hawaye na daskarewa, kai kuwa dariya kake yi kai kaɗai kamar mahaukaci. Sai da na girma na fara ganin teku. Da na ga raƙumin ruwa na ce, a'a, ga dutse yana tafiya!"

"Wanne ya fi daɗi, Anti?"

"Dutse yana jiranki, ko yaushe kika je yana nan. Teku kuwa sai ta ga dama. Shi ya sa na fi kishin teku."

Ni ban taɓa taɓa dusar ƙanƙara ba, sai dai in hange ta a kan duwatsu nesa in ina tuƙi. Na yi ta tambaya: tana da tauri? Tana jiƙa mutum? In an faɗi da zafi? Ina cikin tambaya na juya baya don in sake duba maɗauran, sai na ji an hankaɗa ni. Na yi taga-taga, na tokare da ƙafar dama.

"Dama!" in ji Lineo. "Irin 'yarka. Gado ne ashe."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Haka muke gane ƙafar da mutum ke sa wa gaba, a ruwa ko a dutse. Wadda ta fara fita ita ce ta gaba. Ta bayan kuma ita ake ɗaura wa igiya."

Ta miƙo wata baƙar igiyar roba, doguwa, da maɗauri a bakinta.

Na ce, "A ɗaura wa wa?"

"Nuraan mana. Baki ɗaya a wutsiyar allo, ɗaya a idon sawu."

 Na dubi Nuraan. Ta sunkuyar da kai, domin ta san ƙafar Boeta Armien, tun tana ƙarama take ganin tabon.

"Duk watannin nan da igiya a ƙafarki kike shiga teku?"

"Kowa haka yake yi, Baba."

"Kowa ba ɗana ba ne. Allo zan saya, na yi alkawari. Amma 'yata ba za ta shiga ruwa a ɗaure ba. In sai da igiya, to a bar hawan gaba ɗaya."

Idon Nuraan ya ciko. Lineo ba ta yi gardama ba. Ta tambaye ni dalili, na ba ta labarin yayana. Ta saurara har ƙarshe, tana juya igiyar a hannu.

"To, Ntate, mutanen da ma ba igiya suke hawa. Gobe da safe ruwa zai kwanta. Mu je can ƙarshen gaɓa inda ba jama'a, don allon da ba igiya yana iya fasa wa ɗan wani kai. Ta hau yadda kake so, ni ina gefenta. Kai kuma ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce a'a, shi ke nan."

Washegari Lahadi muka fita, da ƙunshin koesister ɗin da Shamiela ta soya, wani irin fanke mai barbaɗin kwakwa, ɗumi na ratsa takarda. Na fara duba tutar masu gadin shak, kifin nan mai cin mutane, na ga koriya ce, ba abin tsoro. Na naɗe ƙafar wando na tsaya inda ruwa ke lasar yashi.

Suka kwanta a kan allunansu suna tuƙi da hannu, suna ƙanƙancewa, har suka wuce inda ruwa ke fashewa. Suka zauna suna jira. Na ga ruwa ya kumbura a bayansu. Nuraan ta juya, ta tuƙa, ta tuƙa, sai kawai ga ta tsaye, ƙafar dama a gaba, hannuwa a buɗe, tana sulalowa a gefen ruwan kamar an ɗora ta a tafin hannu. Na ji wani yana ihu, ashe ni ne.

A na biyu ma ta tsaya. A na uku hancin allon ya nutse, ta wuntsila, farin kumfa ya rufe ta.

Allon ya yi tsalle sama, ya faɗo, ruwa ya ɗauko shi. Ya taho shi kaɗai, a guje, bai tsaya ko'ina ba sai da ya zo ya daki ƙaurina. Na riƙe shi. Allo na hannuna, 'yata na can.

Na hango ɗan baƙin kanta ya ɓullo, wani raƙumin ruwa ya sake binne shi. Ba ta da abin kamawa. Na kutsa cikin ruwa har ƙugu, har ƙirji, sannan ƙafata ta tuna mini cewa ban iya ninkaya ba. Na tsaya nan rungume da allo, ina kiran sunan Allah. A lokacin ne na lura da wani abu: ruwa na ɗaga ni, allon nan kuwa ya ƙi nutsewa. Na danna shi da dukan nauyina, ya dawo sama. Igiyar da ta ja yayana, ƙarfe ne a ƙarshenta, ƙasa yake nema. Wannan abin kuwa ba inda ya sani sai sama. Kuma ni ne na raba 'yata da shi.

Lineo tana daf da ita, amma ba ta ɗauke ta ba. Ta bar ta ta yi ninkayarta, tana biye. Da Nuraan ta iso inda ƙafa ke taɓa ƙasa tana haki, ta dube ni tsamo-tsamo da kayana a jiki.

"Baba, ina za ka?"

"Allonki na kawo miki."

"Da agogonka a hannu?"

Muka fito. Lineo ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta buɗe ƙunshin Shamiela ta ɗauki biyu.

Na ce, "Ba ni igiyar nan in gani."

Na ja ta, ta miƙe ta dawo. Na duba inda take juyawa don kada ta nannaɗe. Na tambaya in ta sarƙe a dutse a ƙarƙashin ruwa fa? Lineo ta nuna mini wani ɗan kunne a jikin maɗaurin: fizga ɗaya, ya buɗe. Na ɗaura a hannuna na fizga. Na sake. Na sa Nuraan ta ɗaura ta rufe ido ta fizga, a tsaye, a zaune, a kwance, har ta ce, "Baba, ruwa zai janye fa."

Saura ɗan zaren da ke haɗa igiyar da wutsiyar allo. Lineo ta ƙulla shi, na kwance na sake ƙullawa irin na gidanmu.

"Nawa ma yana riƙewa, Ntate."

"Na sani. Bar ni dai."

Sannan na durƙusa a kan yashi. Ban taɓa tsammanin zan yi wannan da kaina ba. "Wacce ƙafar ce ma?"

"Hagu, Baba. Ta baya."

Na ɗaura, na sa yatsa na ji bai matse ba, bai kuma yi sako-sako ba. Ta ɗauki allonta ta ruga, igiyar na tsalle a bayanta.

"Kada ki gaya wa Boeta Armien!" na ɗaga murya. Ban sani ba ko ta ji.

Lineo ta tsaya gefena tana lasar kwakwa a yatsa. Idona na kan shuɗin allon. Nuraan ta sake faɗuwa, sai ga kanta ya ɓullo, ta jawo igiya, allo ya zo hannunta, ta haye.

Na saki ajiyar zuciya. Can na ce, "Wancan na dutsen, ƙafa biyu duk ake ɗaurewa?"

"Duka biyu. Tamau."

"To in mutum ya gangaro, yaya yake tsayawa?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Dama a gaba, ko? Zo in nuna maka a kan yashi."