Ranar da 'Yan Dako Suka Zo Sauke Saba

Ƙarfe tara da rabi na safe Wasila tana zaune gaban sabar cibiyar jarrabawa ta Alhaji Mas'udu a Sabon Gari, 'yarta Husna na goye a bayanta. Sabar ita ce babbar kwamfutar da duk sauran kwamfutocin cibiyar ke jone da ita. Ƙarfe sha biyu masu allurar riga-kafi suke tashi, kuma makon jiya ma aikin nan ne ya hana ta kai yarinyar. Yau kam ta yi niyya, ko sabar za ta kama da wuta sai an yi wa 'yarta allura.

Ɗalibai ɗari da ashirin daga Tsafe da Bungudu za su yi jarrabawar gwaji ƙarfe sha ɗaya, ita kuwa sabar da zarar kwamfutoci arba'in sun hau sai ta fara nishi. Da Wasila ta duba, sai ta tarar wanda ya kafa ta ya kashe duk ayyukan da katin netwok zai iya yi da kansa, ya jibga wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar sabar, komai. Ta kira Alhaji ta gaya masa a gurguje cewa oflodin za a yi, minti ashirin ya isa.

Shekara talatin Alhaji ya yi yana harkar manyan motoci a tasha kafin ya buɗe cibiya. Oflodin a wurinsa abu ɗaya ne: sauke kaya daga mota.

Ba a yi minti goma ba sai ga ƙatti uku da baro da igiya. Babbansu, Malam Tajuddeen, ya yi sallama.

"Malama, ina kayan da anka ce a sauke? Wanga baƙin akwati ne?"

Bai jira amsa ba ya kai hannu wajen wayar wuta.

"Malam, kada ka taɓa!"

In aka zare wayar nan, sabar sai ta yi kusan awa guda tana duba kanta kafin ta tashi. Wasila ta gwada yi masa bayani, ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce, "To mun ji. Amma Alhaji in ya ce a sauke, saukewa aka yi. Mu ba a kiranmu mu koma ba mu ɗaga komi ba."

Ta kira Alhaji, layi a cike. Husna ta fara motsi. Wasila ta dubi agogo, ta dubi ƙattin, sannan ta jawo wata doguwar shuɗiyar waya daga kwali, wadda ba a jona ta da komai ba, ta cusa bakinta bayan teburi.

"Ai kayan ba akwatin ba ne, ta cikin wayar nan za su fito. Ku riƙe ta ku uku, ku ɗaga sama. In ta taɓa ƙasa sun zube."

Suka jeru suka ɗaga.

"Malama, ba nauyi hwa."

"Ban buɗe ba tukuna. Ku gyara tsayuwa."

Ta koma kan allo. Ta kunna wa katin aikin duba ingancin saƙonni, ta kunna masa yanka manyan saƙonni da kansa, ta mai da layin karɓa daga ɗaya zuwa huɗu don aiki ya rabu. Da ta danna, netwok ya ɗauke na daƙiƙa uku, ya dawo.

"Wallahi na ji abu ya wuce!" in ji na tsakiya.

"Kai dai riƙe, sarkin ji," Tajuddeen ya ce, amma shi ma ya ƙara ware ƙafa.

A haka Alhaji ya shigo ya same su. Wasila ta yi maza ta tare shi a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Alhaji, direba ne aka bar wa tuƙi da ƙirgar buhu da ɗaurin igiya, kwandasta na zaune yana hamma. Na mayar wa kwandasta aikinsa. Shi ne oflodin ɗin."

"To waɗanga hwa, mi suka yi da waya?"

"Kai ka aiko su."

Alhaji ya dubi allo. Kwamfutoci ɗari da ashirin sun hau, sabar ko tari ba ta yi. Ya dubi ƙattin, hannuwa sama, gumi na zuba. Ya gane sarai, amma ba a gaban 'yan dako zai gane ba. Ya gyara hula.

"Madalla da aikinku! Ku aje a hankali, kada ku hwasa mani kaya."

Suka sauke wayar kamar tiren ƙwai.

"Saura lodi ɗaya, Alhaji," Wasila ta ce tana gyara goyo. "Mutum biyu, asibiti, kafin sha biyu. In kuma ba mota, sai in zauna nan Malam Tajuddeen ya tambaye ni abin da ke cikin wayar."

Alhaji ya leƙa waje ya ƙwala wa direbansa kira.

Sha ɗaya saura kwata Husna ta tsala ihu a hannun mai allura, Wasila na jijjiga ta tana dariya.