Tumakin Malam Maharazu a Takarda

«Sha biyar, sha shida, sha bakwai…» Hamida na tsaye a bakin turke, tana nuna tumakin da fensir, muryarta har waje.

Malam Maharazu ya yar da igiyar da yake tufka. «Ke! Rufe bakin nan. Wa ya aike ki?»

«Malam Mas'ud ne, Baba. Ya ce kowa ya ƙirga dabbobin gidansu ya rubuta. Wanda bai iya ba, ba zai wuce zuwa aji uku ba.»

Maharazu bai yi boko ba, amma tun da aka tara iyaye aka ce su riƙa zama da yara a gida, kullum bayan La'asar sai ya shimfiɗa buzu ya tsare ɗiyarsa da ƙirga, da ƙwayar masara, da tsakuwa. Dabba ce dai ba a ƙirgawa da ƙarfi a Daudawa. Akwai baki, akwai kuma kunnuwan da ke kai labari daji.

«Rubuta uku,» in ji shi.

«Baba, ai ba uku ba ne.»

«Ni da ke wa ya saye su?»

Lauratu, uwar yarinyar, ta leƙo daga madafa. «Malam, wata biyu kana koya mata gaskiyar lissafi, yau kuma ƙarya?»

«Ke dai ji da tuwonki.»

Hamida ta rubuta uku, hawaye na ɗiga a kan littafin.

Washegari ta dawo da jan biro: za ta maimaita aji biyu. Ta ƙi cin abinci. Da gari ya waye, Maharazu ya zura babbar riga, ya ja hannunta, ya nufi makaranta yana huci.

«Malam, ɗiyata tana ƙirga masara har ɗari!»

Malam Mas'ud ya tura masa tarin littattafai. «Baba, duba. Yara arba'in, babu gidan da ya wuce dabba uku. Ɗan Alhaji Mani, mai garke biyu, kaza ɗaya ya rubuta. Ko dai garin nan ya tsiyace jiya, ko ban koyar da komai ba. Wanne zan gaya wa hedimasta?»

Maharazu ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya dubi Hamida da idanunta suka kumbura. Ya sunkuya dab da kunnen malamin.

«Sha bakwai ne. Ta ƙirga daidai. Amma kada a rubuta.»

«Sha tara, Baba,» in ji Hamida da ƙarfi, duk ajin na ji. «Ka katse ni ban kai ga biyun da ka ɓoye bayan rumbu ba.»

Malam Mas'ud ya ɗauki biro. «Ta wuce.»

Da yammar nan Maharazu ya shimfiɗa buzu kamar kullum. Ya ce daga yau karatu da rubutu za su riƙa yi, lissafin ya isa haka.