Amsar da ke Bi ta Bodinga

Wallahi yau bakina har ƙaiƙayi shikai, ga labari cike da ciki, ga gida ba kowa. Inna ta tafi Danchadi gaisuwar rasuwa tun da hantsi, Baba da su Nura ƙanena suna fadama wurin cirar albasa. Daga ni sai jaririya, sai akuyar da ke ɗaure gindin darbejiya. To ku ku saurara, tunda ku ne kusa.

Ni ce Juwairiyya. Aurena Bodinga yake, amma nan Shagari gidanmu niz zo wankan jego, haihuwar fari. Ɗiya mace, Kausar. A baki ba ni faɗin sunanta, kun san ɗiyar fari, amma a rubuce ai ba wanda yaj ji. Ubanta ma haka, Lirwanu. Shina Legas, aikin kwamfuta shikai a wani kamfani, kuma har yau bai sa ta a ido ba. Suna ma ba shi nan anka yi, ƙanen babansa yat tsaya mai. Ga arba'in ta matso, an fara ɗaure min kaya za a maida ni Bodinga. Abin da ke cin raina ke nan, in koma in iske ɗaki ba mai ɗaki.

Abin da yar riƙe shi, yadda nig gane da ɗan karatuna na aji uku, shi ne wannan. Kamfaninsu suna da wani ƙaton ɗaki mai sanyi kamar cikin firij, cike da manyan kwamfutoci, data senta suke ce mai. Sai kuma sunka yi hayar wasu kwamfutocin can wata ƙasa, waɗanda ba ka ganinsu da ido, su ake kira kilaud. Tsakanin biyun akwai babban layi nasu su kaɗai, bayanai na zuwa suna dawowa. Akwai kuma ɗan ƙaramin layi na ko-ta-kwana, wanda ke bi ta intanet ɗin kowa da kowa. To wai kaya sun daina gudu. Ba tsayawa sunka yi ba, da tsayawa ce da sauƙi. Tafiyar hawainiya sunka koma. Ogansu yac ce ba mai hutu sai an gano dalili.

Duk wanga bayani ba daga bakinsa nij ji shi ba. Ku tsaya ku ji yadda anka yi.

Ran da nih haihu ya kira wayata ina kwance, sai Inna tad ɗauka. Da yaj ji muryar surukarsa tana ce mai, "Barka, an samu mace," sai bawan Allah ya diririce. Da sassafe ne fa, amma yac ce mata, "Ina wuni," yak kashe. Tun ranar bai sake kiran wayata ba, wai kar Inna ta sake ɗauka a ce ya zaƙe kan ɗiyar fari. Sai dai ya kira ƙanwarsa Basira can Bodinga, ita kuma in ta samu sarari ta kira ni.

Ni kuwa kullum sai na tura mai. Hoton ƙafarta, hoton kunnenta mai kama da nasa sak, muryata ina ba shi labarin shaƙuwar da tay yi. Ina kallo alamar nan ta jikin saƙo ta koma shuɗiya, na san ya gani, ya saurara. Sai shiru. Sai jibi Basira ta kira.

"Matar Yaya, Yaya ya ce a gaishe ki."

"Shi ke nan?"

"Ya ce ya ga hoto."

"Mi yac ce da yag gani?"

"Ni ina zan riƙe? Ina tuyar awara yak kira, a kafaɗa nis saƙale wayar. Ya dai yi magana mai tsawo."

"Basira, maganar mai tsawo nike so."

"Ke dai kin cika son miji. Ki sha kunun kanwarki ki yi ƙiba."

Haka labarin aikin ma ke zuwa, gutsi-gutsi. Yau ta ce wai masu layin sun rantse nasu lafiya lau, fitila koriya shar. Wani mako ta ce wai an ƙara wa babban layin faɗi, ba abin da yac canza. Wata rana tac ce wai sun rage girman ƙunshin da suke aikawa, ko ƙofa ce ta yi musu kaɗan, nan ma ɗan sauƙi kaɗan anka samu. Nit tambaye ta wane irin ƙunshi, tac ce, "Ko na goro ne, oho."

Ba na cewa ba a kula da ni ba. Inna na tsaye kaina, ruwan zafi safe da yamma har fatata ta saba, ga gasasshen nama, ga 'yan barka. Amma in rana ta take, kowa ya kama gabansa, sai ɗakin ya yi min faɗi. In kwanta in zuba wa yarinyar nan ido, in ga ta yamutsa goshi irin nasa, in juya in ce "ka gani?" sai in tuna bango ne kusa da ni. Har na fara tunanin ko mace ce bai so ba. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa? Inna cewa za ta yi ba ni da kunya.

To yau bayan azahar ina shanya ɗan zanenta sai waya tay yi ƙara. Na zaci Basira ce, har na ce bari in gama. Ina dubawa sai nig ga sunansa. Hannuna jiƙe, na goge a zani, wayar ta kusa faɗawa bokiti.

"Salamu alaikum," yac ce, a hankali, kamar mai leƙen gida. "Inna ce?"

"Inna na Danchadi. Ni ce."

Nij ji ya sauke numfashi. Bayansa wata ƙara ke tashi kamar injin niƙa daga nesa, wai fankokin ɗakin nan ne mai sanyi.

"Juwai, mun gano shi! Wallahi mun gano shi!"

Ni ban taɓa jin shi haka ba. Ko gaisuwa bai gama ba yah hau bayani. Wai duk kwanakin nan abin da ke fita suke aunawa, su ga shina tafiya lafiya, su rasa inda ciwon yake. Yau da safe sai yac ce da abokin aikinsa su raba gwajin biyu, su aika daga ɗakinsu zuwa kilaud su auna, sannan su aiko daga can zuwa gida su auna daban. Zuwa kamar walƙiya. Dawowa kamar jaki da kaya. Sai sunka bi sawun dawowar tasha-tasha, sunka iske ashe ba ta babban layi take biyowa ba sam, ta ɗan ƙaramin nan na ko-ta-kwana take zagayowa.

"To wa yas sa ta bi can?" nic ce.

"Mu da kanmu. Kwanaki masu gyaran titi sun tsinke babbar wayar, sai munka ce wa ɓangaren can ya riƙa maido amsa ta ƙaramin layi kafin a gyara. Anka gyara, kowa yay yi murna, ba wanda yat tuna ya ce mai ya dawo hanya. Shi kuwa abin da anka ce mai shikai. Fitila koriya, komi na isowa, sai dai a makare, wani ma ya zube a hanya."

Wallahi ba shiryawa niy yi ba, maganar fitowa kawai tay yi.

"Wani ma ya zube wurin tuyar awara."

"Mi kinka ce?"

"Na ce Inna sau ɗaya tad ɗauki wayar nan, Baban yarinya. Tun ranar tana ƙarƙashin matashina. Ni ina aiko maka kai tsaye, kai amsarka sai ta bi ta Bodinga."

Fankokin nan kawai nike ji. Har na zaci layi ya yanke.

"Basira ba ta gaya miki ba?" yac ce.

"Ta ce ka gaishe ni."

"Na ce mata kunnen nawa ne. Na ce ta ce miki hoton ƙafar shi ne a fuskar wayata. Na ce..." Can yac ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tana kusa?"

"Barci takai."

"Kar ki tashe ta. Ki dai matsa da wayar."

Na shiga ɗaki na durƙusa, na kai wayar kusa da hancinta. Ba abin da takai sai ɗan numfashin nan nata, fiii, fiii, da ɗan tsotson baki. Mun daɗe haka. Da nim maido wayar kunnena sai nij ji shina jan hanci, wai sanyin ɗakin ne.

Yac ce sun maida dawowar kan babban layi, kaya na gudu yanzu. Oga ya ce a sa ido a ga ya kwana lafiya ya wuni lafiya, in matsalar ba ta dawo ba ya ba shi hutu. Zai biyo mota, ya riga ni isa Bodinga, shi zai buɗe ɗakin ya share. Nic ce shara dai a bar wa Basira, ta biya saƙon da awararta tac cinye min.

Muna gamawa na fito tsakar gida da gudu, na manta ni mai jego ce. Ba kowa. Na leƙa ta katanga, maƙwabciya ta tafi ɗibar ruwa. Akuya kawai nig gaya wa, ita ma tana tuƙa ba ta ko ɗago ba.

Ɗazun nan la'asar sai ga kiran Basira.

"Matar Yaya, na manta, tun shekaranjiya Yaya yac ce a gaya miki har yanzu ba su gano komi ba, ki ƙara haƙuri."

"To, na gode," nic ce. "Ki nemo tsintsiya."

"Tsintsiyar mi?"

Ban gaya mata ba, so nike Inna ta fara ji. Ga ni nan bakin ƙofa da yarinya a cinya, wayar na hannuna na ƙure mata ƙara. Duk keken da yat tsaya a bakin hanya sai na miƙa wuya, har yanzu dai ba Inna ba ce.