Ranar da Ilyasu Mai Shayi Ya Shiga Uku

Gudu biyu kacal mutanen Cadawa za su iya ba da shaidar sun ga Ilyasu mai shayi ya yi a rayuwarsa. Na farko ranar da tukunyar gas ɗinsa ta yi tsaki, na biyu ranar da zuma ta tashi a tsamiyar tasha. Ban da waɗannan, mutum ne mai tafiya a natse kamar wanda ya ɗauko ƙwai a aljihu. Shekararsa arba'in da huɗu, teburinsa na bakin gudron, babban titin kwalta, kuma ko ruwan zafi yake zubawa ba ya gaggawa.

Wata safiya, ƙarshen damina, Mushe Idrisa malamin motsa jiki na lakol, wato makarantar boko, ya zo shan shayi da takarda a hannu. Ya ce wata gasa ya gani a waya, Turawa na ce mata tiriyatalon, kuma ya rantse sai an yi ta a Cadawa. Abu uku ne a jere, babu hutu tsakani: a ƙetare tafkin bayan gari da iyo, a hau keke kilomita takwas zuwa tsohuwar rijiya a dawo, sannan a yi gudun kilomita biyu har filin lakol. Sunan ya ƙi zama a bakin kowa, sai aka taƙaita shi aka ce "uku". Duk wanda ya ba da sunansa, sai ka ji ana cewa wane ya shiga uku.

Usaini mai facin taya, wanda rumfarsa ke jingine da ta Ilyasu, shi ya fara ba da suna. Ɗan kawun Ilyasu ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"Mushe, rubuta ni," in ji Usaini. "Shi kuwa wanga, ka rubuta shi cikin masu riƙe mana takalma."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Ilyasu ya ajiye buta a hankali, ya goge hannu da tsumma.

"Mushe, rubuta Ilyasu. Da manyan baƙi. Kuma ka sa shi sama da sunan bawana."

Sai da Mushe Idrisa ya tafi, dariya ta lafa, sannan Ilyasu ya tuna bai iya iyo ba.

Bai gaya wa kowa ba. Ya shiga koyo a gida. Kullum bayan la'asar sai ya ja benci tsakar gida, ya kwanta rub da ciki, yana kaɗa hannu da ƙafa yadda ya ga ana yi a wayar Mushe. Ranar farko matarsa Hafsatu ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya tana kallonsa.

"Baban Nana, lafiya?"

"Iyo nike."

"To ina ruwan?"

"Ruwan zai zo daga baya. Hannu ake fara koya ma."

"To Allah ya fisshe ka," ta ce. "In ka kai gaɓa ka miƙo mini bencin, zan yi tsince-tsincen wake."

Ranar gasa, Lahadi da hantsi, gari ya ɗunguma bakin tafki. Mutum ashirin da uku suka jeru, galibinsu samarin lakol masu ƙafa kamar ta zalɓe. Ilyasu na tsakiyarsu da gajeren wando da singileti, an maƙala masa lamba goma sha bakwai a ƙirji. Ya dubi ruwan, ruwan ya dube shi. Ja ne kamar kunun dawa, kuma ya fi faɗi yau fiye da kullum.

Mushe Idrisa ya busa usur. Aka faɗa.

Abin da Ilyasu ya fara ganowa ya faranta masa rai ƙwarai: ruwan iyakarsa ƙirji. Sai ya rage tsawo, ya bar kai kawai a waje, yana tafiya da ƙafa cikin taɓo, hannuwa kuma suna aikin da suka koya a kan benci. Daga gaɓa, wallahi ka ce kifi ne. Har ya ji wata murya tana cewa, "Kai, ashe mai shayi gwani ne!" Ya ƙara ƙawata bugun hannun.

Abin da bai sani ba, da rani masu yin tubali sun haƙa rami a tsakiyar tafkin. Ya ɗaga ƙafa ya sauke, bai sami ƙasa ba. Ya nutse ya taso, ya kurɓi ruwan da ya fi shayin da yake sayarwa a wuni yawa. Ya yi niyyar salati, ruwa ya shiga wurin salatin.

To shi Mushe Idrisa ya kai takardar sanarwa ko'ina, har ofishin jami'an tsaro na jandarma da gidan likita, amma bai sanar da shanun Bakari ba. Bakari makiyayi ne da ke shayar da garkensa a tafkin nan kowace hantsi, kuma shanu ba su san Lahadi ba. Suna isowa suka tarar da hayaniya da usur, sai wani farin bijimi ya firgita ya auka ruwa, ya nufi ɗaya gaɓar yana huci. Ilyasu ya taso karo na uku, hannunsa na lalube, ya cafki wani abu mai gashi. Bai tambayi ko na wane ne ba. Ya riƙe da hannu biyu.

"Kai mai shayi!" Bakari ya yi ihu daga gaɓa yana kaɗa sanda. "Saki wutsiya! Wutsiya ba naka ba!"

Ina! Ko uban Bakari ne ya zo, Ilyasu ba zai saki ba. Bijimi ya ja shi kamar garma, ya wuce da shi ta gefen samari suna ta fama, ya wuce Usaini wanda ya buɗe baki don mamaki har shi ma ya sha nasa rabon. Da suka kai gaɓa bijimi ya girgije ya yi gaba, ya bar Ilyasu a durƙushe yana tari. Shi ne na huɗu da ya fito.

Gardama ta tashi nan take. Mushe Idrisa ya zaro takardar dokoki, ya karanta gaba ya karanta baya, ya ce an hana roba, an hana jarka, an hana gora, amma babu inda aka ambaci sa. Ya ce a ci gaba.

Keken Ilyasu shi ne wanda yake ɗauko burodi da shi kowace asuba, baƙi, mai nauyi, da faffaɗar kariya ta ɗaukar kaya a baya. Ya hau yana ɗigar ruwa. Hanyar ta jar ƙasa ce, ga rairayi nan da can, gero ya yi kai dama da hagu. Samari suka dinga wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga Usaini, ya zo daidai kunnensa ya kaɗa ƙararrawa.

"Ina san naka? Ko shi bai iya keke ba?"

Ya wuce yana dariya. Ilyasu ya cije, ya taka har ya kai tsohuwar rijiya, aka shafa masa alli a hannu alamar ya iso, ya juyo. Bai yi nisa ba ya hango wata tsohuwa a gefen hanya, da ƙunshi a ka da zakara a hammata. Inna Dija ce, mahaifiyar Hafsatu, ta taso daga ƙauyensu za ta ganin jikoki.

Ya yi tunanin ya sunkuyar da kai ya wuce. Amma wane mutum ne zai wuce surukarsa a kan keke, ita tana ƙasa? Ya ja burki, ya sauka, ya tsuguna, yana jan singileti ƙasa don ya rufe gwiwa, singileti ya ƙi.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Wa nike gani kamar Ilyasu?"

"Ni ne, Inna."

Ta dube shi tun daga taɓon kansa har zuwa gwiwoyin, ta kau da kai don ta rufa masa asiri. Sannan ta shiga gaisuwa. Ta tambayi gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi gona, ta tambayi ruwa. Ya ce ruwa ya yi gyara. Keke uku suka wuce. Ta ba shi labarin akuyarta da ta haifi uku. Keke biyu suka ƙara wucewa.

"Allah ne ya kawo ka," ta ce daga ƙarshe. "Ƙafar nan tawa tun jiya take mini ciwo."

Kafin ya sami abin cewa ta ɗare kariya, ta zauna a karkace, ta ɗora ƙunshi a cinya, zakara ya leƙo ta gefen haƙarƙarinsa. Ilyasu ya taka a hankali, yadda ake tuƙa manya, zuciyarsa na kuka.

"Wai mi ya sami garin naku?" ta tambaya. "Kowa tsirara-tsirara bisa keke. Gobara aka yi?"

Ya yi mata bayani a gajarce, cikin ladabi. Sannan ta miƙa wuya ta hango wani can gaba.

"Wancan mai jar hula, ba Usaini ba ne? Wanda ya yi ma tayar amalankenmu faci sau uku, sau uku tana sacewa?"

"Shi ne, Inna."

"Kuma yana gabanka?"

"Yana gabana, Inna."

"Ɗiyata na ba ka don ka bi bayan Usaini? Taka!"

Ilyasu bai taɓa jin surukarsa ta ɗaga murya ba sai ranar. Ya taka. Ta ce ya ƙara. Inda rairayi yake ta ce ya bi dama, inda rami yake ta ce ya bi hagu, tana dukan kariya da tafin hannu kamar mai korar jaki. Zakara ya ruɗe ya shiga cara tsakar rana. Manoma suka bar aiki suka fito bakin hanya suna kallo. Suka wuce wani saurayi, Inna Dija ta ce masa ya gai da uwarsa. Suka wuce na biyu.

Suna gab da shiga gari suka ji fam! Tayar Usaini ta baya ta fashe. Suka same shi tsaye yana matsa ta da yatsa, kamar bai taɓa ganin taya ba.

"Sannu da aiki, mai faci," in ji Inna Dija, ba ta ko juya ba.

A bakin kasuwa, inda ake ajiye kekuna, ta sauka ta gyara mayafi, ta koma tsohuwa mai ciwon ƙafa kamar ba ita ba. Ilyasu ma ya sauka don ya fara gudu, sai ya tarar ƙafafunsa sun yi murabus. Ya ce su je gaba, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi kudu. Ya tafi yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Bai kai gonar farko ba Usaini, wanda ya turo kekensa da hannu, ya cim masa yana numfashi kamar zugazugi.

Suka yi gudu kafaɗa da kafaɗa har hanya ta shiga tsakanin gonaki, gero ya rufe su. Nan Usaini ya dafa shi.

"Ɗan'uwa, tsaya. Ba mai ganinmu."

Suka tsaya, kowa ya dafa gwiwa. Daga nan suka ƙulla yarjejeniya: inda gero ya rufe su, tafiya, inda fili yake da mutane, gudu. A wata gona ma har suka zauna, suka karya takanɗa suka sha. Usaini ya ce jini ɗaya suke, bai kamata a ga ɗaya ya kayar da ɗaya ba, gara su shiga filin tare. Ilyasu ya ce wallahi maganar da ke bakinsa ke nan. Suka yi musafaha.

Da suka ɓullo filin lakol, wanda ya zo na ɗaya har ya je gida ya yi wanka ya dawo da riga mai guga. Amma mutane ba su watse ba, kowa na jiran taubasai. Igiyar ƙarshe na nan an sake ɗaure ta. Saura taki talatin, Ilyasu ya lura Usaini ya ɗan fi shi da rabin taki. Ya ƙara. Usaini ya ƙara. Ilyasu ya saci kallonsa, suka haɗa ido, yarjejeniya ta mutu a wurin.

Abin da ya biyo baya ba za a kira shi gudu ba, amma duk abin da ya rage a jikinsu sun zuba shi. Fili ya kaure da ihu. Usaini ya miƙa ƙafa, Ilyasu ya banƙare, suka ci igiya tare suka zube cikin ƙasa.

Aka yi ca a kan Mushe Idrisa. Waɗansu suka ce ƙafar Usaini ce ta fara ƙetarawa, kowa ya gani. Mushe ya ɗaga hannu, ya ce a dokar gudu ba ƙafa ake dubawa ba, gangar jiki ake dubawa. Ya ce shi yana tsaye daidai igiya, kuma tumbin Ilyasu ya riga Usaini isowa da kusan taƙi guda.

Ilyasu ya zo na goma sha tara, Usaini na ashirin. Sauran ukun tun a tafki suka ce sun fasa.

Babu wanda ya iya miƙewa cikinsu. Wani mai amalanke da ya ɗauko harawa ya ji tausayinsu, aka kama su aka ɗora a kai kamar buhunan gero, suna kwance rigingine suna kallon sama. Jaki ya ja.

"Kai ka fara karya alkawari," in ji Usaini da ƙyar.

"Kai dai."

"Wallahi kai ne."

Ilyasu ya buɗe baki zai rama, ya ji abin ya yi masa nisa. Kafin amalanke ta hau gudron, mai jakin ya waiwaya don ya tambaye su gidan wa za a fara zuwa, ya tarar duk su biyun suna minshari.